Jari Ɗaya, Suna Biyu: Matasan Ma'auratan Da Suka Ajiye Neman Aiki Suka Kama Sana'a Tare

Tun kafin a kira assalatu ake kunna fitilar kicin ɗin. Gidan haya ne a Ɗorayi, cikin Kano, ciki da falo da ɗan tsakar gida wanda bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Ayar da aka jiƙa tun daren jiya ta kumbura a manyan robobi uku. Matar gidan tana tsamewa tana ɗaurayewa, tana tsince tsakuwa da ruɓaɓɓu, sannan ta zuba dabinon da aka cire wa ƙwallo, da kwakwa, da citta, da ɗan kanumfari. Maigidan idan ya dawo daga masallaci ba ya komawa barci. Injin markaɗen da suka saya bara yana bakin ƙofar kicin, shi ke tayar da shi, shi ke zuba ayar, ita kuma tana tacewa da farin ƙyalle mai laushi. Sau biyu take tacewa, domin mai saye ba ya yafe wa kunun ayar da ya ji dusa a cikinsa.

Kafin bakwai an cika robobi, an manna takarda mai sunan sana'ar da lambar waya, an jera su a kula an danna ƙanƙara. Kunun aya ba shi da haƙuri. Idan ya sha zafi na 'yan awoyi sai ya yi tsami, jarin ranar ya tafi ke nan. Shi ya sa maigidan yake ɗaure kulolin a bayan babur ya fita da hanzari, ya bi shagunan da suke karɓa da ofisoshin da suka saba. Ita kuma ta ɗauki waya, ta ɗora hoton kayan yau a WhatsApp, ta amsa masu oda, ta duba alat ɗin da ya shigo da dare, ta rubuta a littafi.

Shi yana da babbar difloma a fannin akanta. Ita ta karanta kimiyyar ƙananan halittu a jami'a. Ya yi shekara biyu a wani banki a matsayin ma'aikacin kwantiragi, yana yawon farautar masu buɗe asusu, kowane wata da adadin da aka ɗora masa, idan bai cika ba a kira shi a yi masa faɗa a gaban mutane. Ita kuwa ta gama bautar ƙasa ta yi ta tura takardu har ta daina ƙirgawa. Kunun ayar ta fara shi ne da kwano ɗaya, don maƙwabta da 'yan biki. Ranar da suka zauna suka lissafa suka ga abin da take samu a sati uku ya kusa kamo albashinsa na wata, ran nan maganar ajiye aiki ta taso.

Irin waɗannan ma'aurata yanzu suna ko'ina a garuruwanmu. Za ka same su a Kano da Kaduna da Zariya, a Katsina da Sakkwato, a Jos da Bauci da Gombe. Wasu turaren wuta da humra suke haɗawa, wasu yaji da dambun nama da kilishi. Akwai inda matar take kan keken ɗinki, mijin yana zirga-zirgar Kantin Kwari yana saro yadi da atamfa yana kai ɗinki ga masu shi. Akwai masu kiwon kaji da tarwaɗa a bayan gida, da masu shagon POS da aka haɗa da cajin waya, da masu makarantar koyon kwamfuta a shago ɗaya. Abin da ya haɗa su shi ne dukkansu sun yi karatun da iyaye suka sa ran zai kai su ofis, sai ga su sun haɗa kai da jari sun nufi kasuwa.

Ina ganin wannan abin alheri ne, kuma ina fatan ya yawaita. Amma akwai wani rami a cikinsa da na ga mata da yawa sun faɗa, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami.

Albashin da ya daina riƙe gida

Iyayen waɗannan matasa sun taso a zamanin da takarda take buɗe ƙofa. Wanda ya gama sakandare ma yana iya samun aiki a masaƙa ko a ma'aikata, ya yi aure, ya gina gida, ya jira fansho. An kafa masaƙar Kaduna Textiles a 1957, wasu suka biyo baya, har unguwar Kakuri ta zama gari guda na ma'aikata. A Kano ga Bompai, ga Sharaɗa, ga Chalawa, jiniya tana kaɗawa dubban mutane suna shiga wasu suna fita. Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, babbar masaƙar UNTL ta rufe a 2007. A 2005 aka haɗe bankunan ƙasar nan daga 89 suka koma 25, daga baya kuma aikin kwantiragi ya zama ruwan dare a harkar, inda matashi zai sa kwat da taye amma ba shi da tabbacin wata mai zuwa.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33.3 cikin 100 na waɗanda suka isa aiki kuma suke son yi ba su da shi. A 2023 hukumar ta sauya ma'auni, ta koma lissafa duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako a cikin masu aiki, sai adadin ya faɗo zuwa wajen kashi 4. Aikin ofis bai ƙaru ba. Rahotannin hukumar da kansu sun nuna sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya suna cikin sana'o'in da ba su da tsarin ofis ne: noma, saye da sayarwa, aikin hannu, sufuri.

Wanda ya yi sa'ar samun albashin ma bai tsira ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, watan da ya biyo baya aka saki darajar naira. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000 a wurare da dama. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a Yulin 2024, amma a lokacin da kuɗin ya fara shiga hannun wasu, buhun shinkafa ya riga ya wuce shi. Mai sana'a idan kaya suka tashi a kasuwar Singa ko Dawanau, gobe sai ya ƙara a kan nasa farashin. Mai albashi sai dai ya rage cefane.

Ga kuma abin da shekarun nan suka koya wa ɗalibai ba tare da kowa ya shirya ba. Zaman kulle na annobar korona a 2020, da yajin aikin malaman jami'a na wata tara a waccan shekarar, da na wata takwas a 2022, sun mayar da dubban samari da 'yammata gida. Da yawa a nan suka koyi ɗinki da girke-girke da gyaran waya da haɗa sabulu. Sai ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin fasalin naira, ya tilasta wa har mai rake da mai awara buɗe asusu a waya. Tun daga nan taransifa ta zama kamar kuɗi a hannu, kuma matar da take cikin ɗakinta a Kano ta samu damar sayar da turare ga wata a Fatakwal, a sa kaya a motar tasha, a turo mata kuɗinta ta OPay ko Moniepoint ba tare da ta taka ƙofar gida ba.

Sana'ar mata tsohuwa ce, haɗa asusun ne sabo

Duk wanda ya girma a gidan Bahaushe ya san mace da sana'a ba baƙin juna ba ne. Kakanninmu mata suna soya ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, suna dama fura, suna kaɗi da saƙa, suna sayar da daddawa da kuka da kuɓewa daga cikin ɗaki. Wata Baturiyar Ingila mai binciken tattalin arziki, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu a 1969 kan wannan ciniki na cikin gidaje, ta nuna cewa kasuwa ce sukutum wadda baƙo ba ya gani da ido. Hatta Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma, mahaifiyarsa 'yar kasuwa ce da ta yi zaman fatauci a Ankara ta ƙasar Gana.

Amma tsohon tsarin yana da wata doka da kowa ya sani ko ba a faɗa ba: kuɗin mace nata ne. Miji ba ya sanin abin da ke cikin adakarta. Idan yana son man gyaɗa don miyar gida, saye yake yi a wurinta. Idan ya ranci kuɗinta, bashi ne, kuma za ta tuna masa. Da ribar take zubin adashi, take gudummawar biki, take tara wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, ta sayi akuya ko 'yan kunnen gwal ta ajiye saboda bacin rana. Idan aure ya mutu, da kayanta take fita. Shari'ar Musulunci ce ta ba ta wannan: sadakinta nata, gadonta nata, abin da ta samu nata, ciyarwa da tufatarwa da muhalli kuma suna kan miji.

Tsohon tsarin yana da nasa ciwon, wato talla. Tun da matar ba ta fita, yara ne ƙafafunta, kuma 'yammata nawa ne suka rasa makaranta saboda farantin talla! A nan dole in yaba wa matasan yau. Waya ta karɓi aikin farantin, maigida da baburinsa ya karɓi aikin yarinyar, ita kuma yarinyar tana aji. Ko wannan kaɗai ya isa a yi musu addu'a.

Sai dai da miji ya shigo cikin sana'ar, waccan katangar da take kare dukiyar mace ta rushe. Jari ya zama ɗaya, asusu ya zama ɗaya, kuma sau da yawa asusun da sunan mijin aka buɗe shi, tun da shi ke fita. Shagon da sunansa aka kama haya. Rajistar da sunansa. Babur da injin da firiza, duk rasiɗinsu sunansa. Ita kuwa da ta sayar da gwal ɗinta aka yi jarin farko, wadda hannunta ne sirrin kayan, sunanta bai fito a ko da takarda ɗaya ba.

Idan ka zanta da irin waɗannan ma'aurata, ba a daɗewa za a ambaci Nana Khadija, Allah Ya ƙara mata yarda, da yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tafi fatauci Sham da dukiyarta. Madalla da wannan abin koyi. Amma a lura da yadda labarin ya zo mana: an san dukiyar tata ce, an san wanda ya yi aikin, an san akwai lada da aka yi yarjejeniya a kai. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, tun daga Risala, ya yi bayanin ƙiradi, inda ɗaya ya kawo dukiya ɗaya ya kawo aiki a raba riba bisa kason da aka yanke tun farko, da kuma tarayya, inda kowa ya zuba nasa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Babu inda aka ce miji da mata an ɗauke musu.

Abin da na gani a danginmu

Ina da 'yar uwa, ɗiyar ƙanin mahaifina, wadda ta iya haɗa yaji da garin kunu da dambun nama tun tana budurwa. Mijinta malamin makaranta mai zaman kanta ne, albashin ba ya kai tsakiyar wata. Ta sayar da sarƙar gwal ɗin da mahaifiyarta ta ba ta da wasu daga cikin kayan ɗakinta, suka sayi injin niƙa da na liƙe leda. Ya ajiye koyarwa ya kama kai kaya kantuna. Mutum ne na kirki, ban taɓa jin ta kawo ƙararsa ba. Cikin 'yan shekaru suka kama shago, suka ɗauki yara masu taya aiki, suka sayi fili a bayan gari.

Hatsarin mota ya ɗauke shi a hanyar dawowa daga kai kaya.

Bayan ta fita takaba aka zauna rabon gado. Ina wurin. Aka shimfiɗa tabarma a zauren gidansu, malami ya zo, aka fito da takardu. Asusun banki sunansa. Takardar fili sunansa. Yarjejeniyar shago sunansa. Babban wansa, wanda shi ma ba mugu ba ne, ya ce shi dai abin da ya sani ƙaninsa ne yake kasuwanci, matarsa tana taimaka masa kamar yadda kowace mace take taimakon mijinta. Tana daga bayan labule ta ce, "Yaya, wallahi da gwal ɗina aka fara." Malam ya tambaya ko akwai shaida ko rubutu. Mahaifiyarta da ta san zancen ta riga ta rasu. Maƙerin da ya sayi sarƙar ba wanda ya tuna shi.

Malam bai zalunce ta ba, da abin da ke gabansa ya yi hukunci. A shari'a, kafin a raba gado ana fitar da bashi da duk abin da aka tabbatar na wani ne. Abin da ba a tabbatar ba ya shiga gado. Matar da mijinta ya bar 'ya'ya tumuni take samu, wato ɗaya bisa takwas, idan babu ɗa kuma rubu'i, kuma da akwai kishiya raba wannan kason za su yi. Haka 'yar uwata ta tashi da tumunin sana'ar da ta kafa da hannunta. Kason 'ya'yanta yana nan, amma a hannun waliyyi. Injinan aka yi musu kuɗi aka sayar. Yau ta koma daka a turmi, tana ƙulla yaji a leda kamar ranar farko.

Ba ta taɓa zagin kowa ba. Abin da take maimaitawa kawai shi ne, da ta ce masa a rubuta, da ya rubuta, kunya ce ta hana ta.

Wannan kunyar ita ce ramin. Mace tana jin idan ta ce a rubuta kamar ta ce ba ta yarda da mijinta ba, ko tana yi masa fatan mutuwa, ko tana shirin fita. Namiji yana jin idan ya sa sunanta a takarda abokai za su ce mijin-ta-ce ne. Sai a bar abin a kan "ai duk ɗaya ne, nawa naki ne." Ranar da mutuwa ko saki ya zo, waɗanda za su zauna a kan maganar ba su ji wannan alkawarin ba.

Mutuwa ma ta fi sauƙin ɗauka a kan wani abin da mata suka fi kuka da shi. Za ka ji mace ta ce, tare muka tara, da kuɗin suka yi auki sai ya ɗebi ciki ya yi lefe. Ƙarin aure halal ne, babu mai jayayya. Yin sa da kason da yake na uwargida ba tare da yardarta ba kuwa cin dukiyar wani ne, kuma babu malamin da zai halatta shi. Amma idan ba a taɓa yanke kason nata ba, da me za ta kafa hujja?

Akwai kuma wata ɓarna ta yau da kullum da ba a lura da ita. Cefane yana fita daga akwatin ciniki, haya da kuɗin makaranta da na asibiti haka. Idan jarin na mutum biyu ne, to matar tana biyan rabin abin da Allah Ya ɗora wa mijin, ba tare da an kira shi da sunansa ba, balle a gode mata. Idan ta yi don Allah da son ranta, sadaka ce mai lada. Amma sai ta san tana bayarwa kafin a ce ta bayar. Ga shi bayan ta yi tsayuwar sana'a tun asuba, girki da wanki da raino duk suna jiran ta.

Waɗanda suka gane

Na koma gidan Ɗorayi da yamma, lokacin da maigidan ya dawo da kulolin wayam. Bayan magariba suka baje littafi a kan tabarma. Karatun akantan nan bai tafi a banza ba. Shafi ɗaya na kayan da aka saya ne: aya, dabino, kwakwa, sukari, robobi, ƙanƙara, man babur da na janareta. Shafi ɗaya na ciniki. Shafi na uku na masu bashi, kuma a ciki na hango sunayen dangi na kusa, nasa da nata, domin bashin dangi yana cikin abin da ya fi saurin karya ƙaramin jari. Ta karanto alat daga waya, yana dubawa yana sa alama. Wata roba goma ba ta fito a lissafi ba, ta ce, "Abban yara, na masallacin Juma'ar nan fa?" Ya dafa goshi ya ce sadaka ce ya bayar ya manta bai rubuta ba, ya rubuta a gefen nasa kason.

Tsarin nasu ba shi da wuya. Asusun sana'a daban yake, kuma dukkansu suna ganin abin da ke shiga da fita. Ƙarshen wata kowa yana da albashin da aka yanka masa. Daga nasa yake cefane da haya. Nata nata ne, tana adashinta, tana yi wa iyayenta alheri, idan ta ga dama ta taimaka a gida. Ribar da ta rage ana mayar da wani kaso cikin jari, sauran a raba yadda suka rubuta tun farko a gaban mahaifinta da wansa. A bango, kusa da kalanda, takardar rajistar sana'ar daga Hukumar CAC tana rataye cikin firam, da sunayen mutum biyu.

Doka ba ta hana kowa yin haka ba. Ana iya rajistar sunan kasuwanci da masu shi biyu ko fiye, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta ƙara sauƙaƙa wa ƙananan 'yan kasuwa, har ta shigo da sababbin nau'o'in tarayya. Da wannan takardar ake buɗe asusun kasuwanci, da ita ake tunkarar hukumar NAFDAC idan abin ci ne ko na sha ko na shafawa ake son kaiwa manyan kantuna. Waɗanda suke gudun bashi da ruwa ma yanzu suna da ƙofa: bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo a 2019, Lotus a 2021, kuma suna da tsarin da banki zai sayi injin ya sayar maka da riba sananniya ka biya a hankali. Sai dai duk wanda ya je zai tarar ana tambayar takardu da tarihin shige da ficen kuɗi, wanda kuma ya cakuɗa cefane da ciniki ba shi da abin nunawa.

Ba na so a ɗauka hanyar shimfiɗaɗɗiya ce. Wuta kaɗai ta isa ta kwantar da sana'ar sanyi. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki na rukunin da ake kira Band A zuwa naira 225 kowane yunit, waɗanda ba sa cikin rukunin kuma sai su yini ba su ga ƙyallinta ba, dole janareta ko sola, ko sayen ƙanƙara kullum. Ga masu karɓar haraji iri-iri da suke zagaye shaguna. Ga haɗarin da ya fi kowanne: gidan da miji yake albashi mata take sana'a yana da ƙafa biyu, idan ɗaya ta gurɗe ɗaya ta riƙe. Gidan da duka biyun suka hau sana'a ɗaya, idan kasuwa ta juya baya ko cuta ta shiga kaji, tukunyar gaba ɗaya ce take sauka. Babu fansho, babu hutun haihuwa, babu albashin jinya. Shi ya sa masu hankali a cikinsu suke ajiye wani abu gefe, akuya ko fili ko adashi, wanda ba a taɓawa.

Sai maganar iyaye. Mahaifin da ya sayar da gona ya biya kuɗin jami'a ba ya jin daɗi ya ga ɗansa da kula a bayan babur. Mahaifiyar maigidan Ɗorayi ta yi wata biyu tana cewa, duk karatun nan a kan kunun aya zai ƙare? Bai yi mata musu ba. Ya ci gaba da kai mata abin da ya saba kaiwa duk wata, har da ƙari, ranar da ta kwanta asibiti kuma shi ya biya ba tare da ya ci bashi ba. Yanzu ita take tura musu matan unguwarsu masu biki. Tsoron iyaye yana da dalili, sun ga jari da yawa sun karye a gabansu. Abin da yake kwantar musu da hankali shi ne su ga tsari.

Hatta hukuma ta san aure yana buƙatar jari a hannun mace. A auren gata da gwamnatin Kano ta ɗaura wa ma'aurata 1,800 a Oktoban 2023, bayan sadaki da kayan ɗaki an ba kowace amarya naira 20,000 ta ja jari. Kuɗin kaɗan ne, amma ma'anarsa a fili take, kuma ga amarya aka miƙa shi. Abin da ya rage shi ne a koya wa mutane yadda wannan jarin zai ci gaba da amsa sunanta bayan ya girma ya haɗu da na miji. Hukumar SMEDAN, da aka kafa a 2003 don ƙananan sana'o'i, da shirin koyar da sana'a na masu bautar ƙasa, suna koyar da haɗa kaya da neman kasuwa. Ya kamata su ƙara darasi ɗaya a kan yarjejeniyar tarayya tsakanin miji da mata.

Kirana na farko ga malamanmu ne. Kuna wa'azi a kan biyayyar aure, kuma daidai ne. Ku ƙara da babin ƙiradi da tarayya a huɗubar Juma'a da majalisin mata, ku faɗa a fili cewa rubutu tsakanin miji da mata ba rashin yarda ba ne, domin idan daga bakinku ya fito kunyar za ta ragu. Iyaye da waliyyai, idan 'yarku za ta sayar da gwal ɗinta ko kayan ɗakinta ta zuba a sana'ar gida, ku zauna a wurin, ku san nawa ne, ku sa hannu. Kai kuma maigida, kada ka jira sai ta roƙa, domin da wuya ta iya buɗe baki. Kai ne za ka kawo takarda da biro, ka kira mutum biyu da kuka yarda da su, ɗaya daga danginta ɗaya daga naka, a rubuta abin da kowa ya zuba, da kason kowa a riba, da na wane ne injin da shagon da filin. A yi kwafi biyu, ta ajiye nata a gidan iyayenta. Idan kuma kun riga kun yi rajista da sunanka kaɗai, ku koma a ƙara nata tun kuna da rai da lafiya.